Daren da Na Buɗe Baki a Kan Ɗan Farina

A gidanmu uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari. Haka na taso na tarar a ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, haka kuma na zo na samu a Babura da aure ya kawo ni. Ba ta kiransa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in ya yi kuka a tsakar gida sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗauke shi. Nawa ɗan farin tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Ita ke masa wanka, ita ke ajiye masa ɗumame, ita ke ce masa "maigidana". Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. 'Yan zamani suna ganin wannan al'ada taurin zuciya ce. Ni ban taɓa ganinta haka ba. Kara ce, kuma tana ba yaro iyaye da yawa a gida ɗaya. Abin da ba a faɗa shi ne, son da aka hana fita ta baki ba ya raguwa, taruwa yake yi. Na haifi wasu bayansa, ina kiran sunayensu, ina goya su, amma babu wanda nake bi da ido in ya nufi ƙofa sai wannan da ba na iya kira.

Akurki ne ya haɗa ni da shi ba tare da an ce na yi rashin kunya ba. Da aka yi masa kaciya Inna ta ba shi sagara ɗaya, ta ce ya riƙe ta da kyau, kaza ce ke zama akuya, akuya ta zama saniya. Ɗakin Inna ba shi da wurin kaji, sai aka haɗa ta da nawa a bayan madafi. Daga nan kowace safiya, bayan ya dawo daga makarantar allo, sai ya zo ya buɗe akurki, ni ina watsa dusa, shi yana ƙirga 'yan tsaki da yatsa. A nan na koya masa yadda ake cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta a gindin bishiya, da safe a tarar gara ta cika ta, a zazzage wa 'yan tsaki. Shi ya riƙa yi wa bango zane da gawayi yana lissafin kwanci, har ya tabbatar da kansa cewa kwana 21 kaza ke yi ta ƙyanƙyashe, ƙwan zabuwa kuma in an sa mata sai ya kai mako huɗu. In shirwa ta yi shawagi, kafin uwar ta gama kururuwa ya riga ya ɗauko tsinken kara yana ihu. Ba ma hira mai tsawo. Ni dai in ce "yaro, miƙo kwano", shi ya ce "Yaya, baƙar nan ta fara ƙwai". Wannan ya ishe ni in wuni da farin ciki.

Wata shekara da ɗari annoba ta shigo unguwa. Sai ka ga kaza ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, kashinta ya koma kore, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Muka yi abin da muka gada, barkono a ruwa, sassaƙen maɗaci, gautan kaji, har da kafson nan mai ja da rawaya. Babu wanda ya yi amfani. Yaron ne ke kwasar mushen a buhu ya kai bayan gari, yana tafiya yana share hawaye da kafaɗa. Mata muka yi ta jajanta wa juna ta kan katanga, kowa na cewa ƙaddara ce, iskar ɗari ce, bana ma ta zo. Sagarar da Inna ta ba shi ta mutu, amma 'ya'yanta biyu suka tsira.

A cikin makon ne malamarmu ta Islamiyyar matan aure ta kawo mana labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi a hanya da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, mutum daga wata ƙaddara yake fita ya shiga wata. Malama ba kaji take nufi ba, darasin imani da ƙaddara take yi. Amma ni ina zaune a kan tabarma akurkina nake gani. Tun ina yarinya ake faɗa mini cewa ƙaddara ita ce abin da ya faɗo maka. Ban taɓa jin an ce abin da ka tashi ka yi shi ma yana ciki ba.

Na sa maigida ya tambayo wani ma'aikacin dabbobi. Ya ce cutar suna kiranta Newcastle, ƙwayar cuta ce da kafso ba ya kashewa, in ta shiga sai dai a yi haƙuri, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, wadda take nan tun 1924, tana yin irin wanda ke jure zafinmu. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu, a tabbatar an yi kafin ɗari ya kankama. Ya ƙara da cewa kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe kuma ba ta daɗewa, don haka na bi maƙwabta muka haɗa kuɗi. Wasu suka ƙi. Tsofaffi ba su manta 2006 ba, shekarar murar tsuntsaye, da aka riƙa kashe kaji a gonakin Kaduna da Kano, suna ganin duk wanda ya zo da kwalba daga gwamnati ƙarshensa wuƙa ce. Ban ga laifinsu ba. Mu da muka yarda muka fara, yaron ke kamo kaji da asuba kafin su fita, ya riƙe kai, ni in ɗiga. Ɗari ya zo ya wuce, akurkina cike.

Sai abubuwa suka taru a kan gidanmu a 2023. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Wanda ke zaune a Abuja labari ne ya ji a rediyo. Mu a Babura tukunya ce ta ji. Maigidana ta Babban Mutum yake bi ya shiga Magarya da kaya, ya dawo da wake da dabbobi, rabin danginsa ma can suke. Dare ɗaya sana'ar ta tsaya. Ya fara cin jari, yana fita da safe ya dawo da yamma bai ce komai ba. Ƙwan kajina ya koma kuɗin gishiri da sabulu da littafin makaranta, ina sayarwa a ɓoye don kada ya ji nauyi.

Yara ba su san wannan ba. Su a farkon 2024 ƙwallo ce a gabansu, ana gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa. Daren 7 ga Fabrairu, da Stanley Nwabali ya tare bugun fenareti biyu na Afirka ta Kudu, ihun gidan kallo har tsakar gidanmu. Nijeriya ta sha kashi biyu da ɗaya a hannun masu masaukin baƙi ranar 11 ga wata, amma hakan bai rage komai ba, duk yaron unguwa gola yake so ya zama. Nawa ya samo tsohuwar safa ya zura a hannu. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ya yi tsalle zai kama ƙwallo a filin da ƙasarsa ta bushe ƙam, wani ya bangaje shi a sama, ya faɗo ya dogara da tafin hannun hagu. Abokansa suka rako shi gida yana riƙe da gwiwar hannun, ta kumbura ta karkace.

Ina tankaɗe na gan shi. Ban tashi ba. Inna ta tare shi tana salati, ta aika a kira maɗori, maigida ya dawo da gudu. Maɗorin dattijo ne mai mutunci, gado ya yi, ya ɗora mutane da yawa sun warke, har da maigidan kansa yana yaro. Ya ja hannun, yaron ya yi ƙara ɗaya da har yau nake ji, ya jera karare, ya naɗe da tsumma tam, ya yi tofi, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo. Ina daga ƙofar madafi ina kallo. Wurin ba nawa ba ne. Kakarsa na nan, ubansa na nan, uwar ɗan fari ba ta da bakin magana a irin wannan taro.

Da dare ya raba na ji nishinsa daga ɗakin Inna. Na san kukan ciwo, na san na shagwaɓa. Wannan wani iri ne, ƙaruwa yake yi. Na tuna wata yarinya da muka yi firamare tare, ta faɗo daga bishiyar mangwaro aka yi mata ɗori, da aka kwance hannun ya shanye, yatsun suka lanƙwashe ciki har ta girma ba ta iya riƙe muciya. Mahaifiyata ta sha faɗa cewa ɗaurin ne ya yi tsanani. Na tashi na yi alwala, na yi raka'a biyu, ban ma san me na karanta ba. Sannan na ɗauki fitila na yi sallama a ƙofar Inna, abin da ban taɓa yi ba a irin wannan lokaci.

Yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi. Na danna farce, jinin bai dawo da wuri ba. Na ɗan miƙar da yatsa ɗaya, ya yi ihu. Na durƙusa a gaban Inna na ce, "Inna, ki gafarce ni. Na san ba wurina ba ne. Amma amana ce Allah ya ba mu, ni da ke, kuma za a tambaye mu. Ki taɓa yatsun nan."

Maigida ya shigo yana cewa, "Ɗori dama ya gaji zafi. A bari gari ya waye a kira mai shi." Na ce, "Malam, hannun nan ba zai kai safiya ba." Ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ke ransa tun la'asar, murya ƙasa-ƙasa: "In suka ce Kano, da me za mu je?" Na ce, "Akwai kaji."

Inna ta daɗe riƙe da yatsun. Ita ta raine shi, ita ta kira maɗorin, kuma surukarta ce durƙushe tana ja da hukuncinta a tsakiyar dare. Da ta ce in fita, da na fita, ban san abin da zan yi bayan nan ba. Sai ta ce, "'Yar nan, haska mini." Da hannunta ta warware tsumman da aka ce kada a taɓa. Ta dubi ɗanta ta ce, "Tashi ka nemo abin hawa." Duk abin da na yi a daren nan bai kai wannan ba, don ni kunya kawai na ajiye, ita kuwa girmanta ta ajiye.

A asibitin garinmu suka sa hannun a kan abin tallafi, suka ba shi maganin zafi, suka ce ƙashin sama da gwiwa ne ya karye ya goce, a wuce Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin rana ta fito ƙanin maigida ya kira wani mai sayen kaji yana kaiwa Kano. Annoba ta share gidaje da yawa a wannan ɗari, kaji sun yi wuya, ga azumi ya matso, sai suka yi daraja. Na ce a kwashe duka a bar mini uwa biyu masu kwanci. Kuɗin bai isa komai da komai ba, yayana da ke Kano ya cika, dangi suka kawo gudummawa. Amma kuɗin kajin ne ya sa mu a mota ta Kanya da Kunya da sassafe, shi ya biya hoton ƙashi da kayan aiki na farko, a lokacin da jira shi ne haɗarin.

Likitan da ya duba shi ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce karayar wannan wuri ta fi yawa a yara, kuma jijiyar jini da jijiyoyin motsi a gaban ƙashin suke wucewa. Hannu yana kumbura bayan karaya, in aka ɗaure shi tam kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jini, cikin 'yan sa'o'i naman ya fara mutuwa. Wani hannun ya shanye, wani ya ruɓe sai an yanke. Aka shiga da shi tiyata, aka mayar da ƙashin, aka riƙe shi da siraran wayoyi. Ƙafafun Inna ba za su iya zaman jinya ba, sai ya zama ni ce. A wannan ɗaki na fara yi wa ɗana wanka tun bayan yaye, na ba shi abinci a baki, na kwana da kaina a gefen gadonsa. Babu surukai, babu mai kallo. Ina jin nauyin faɗar haka, amma a cikin tashin hankalin nan akwai wani daɗi da na ji wanda ban taɓa samu ba.

Da ya farfaɗo sosai ya ce, "Yaya, an sayar da jan zakarana?" Jikan sagarar nan ne, shi ya raine shi tun yana ɗan tsako. Na ce an sayar. Ya juya fuska bango bai ƙara magana ba har yamma. Ban ce masa zakaran ne ya fanshi hannunsa ba. Yaro yana da haƙƙin ya yi baƙin cikin abinsa.

A nan ne kuma wani tunani ya fara shiga raina, ina jin daɗinsa. Ina cewa ai ni na yi rigakafi, ni na tashi da dare, ni na yi magana, shi ya sa Allah ya tsare. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga wani ƙauye na Gwiwa, ɗanta bai kai nawa ba, jaki ya kayar da shi. Ita ma ta ga yatsun sun canja. Ita ma ta yi magana. Ta sayar da akuyarta ɗaya tilo, amma babu mota a garinsu sai ranar kasuwa, da suka iso an makara, aka yanke hannun daga sama da gwiwa. Ba ta gaza ni a komai ba, ta ma fi ni, don ita a ƙafa ta fara tafiyar. Da na yi mata sannu sai ta ce, "Alhamdu lillahi, da ransa." Tana faɗa tana gyara masa rigar da hannunta ɗaya ke reto. Daren nan na kasa haɗa ido da ita. Na gane cewa tashin da na yi wajibi ne a kaina, da ban tashi ba da na ci amana, amma ba shi ya sayi hannun ɗana ba. Titin kwalta da ya bi ta garinmu ba ni na shimfiɗa ba. Zuciyar Inna ba ni na juya ba. Har yanzu in na idar da salla ina sa matar nan da ɗanta a addu'a, kuma ina jin zafin cewa ƙauye ya rasa motar da za ta fitar da yaro cikin dare a wannan zamani. Wannan ba a sama aka rubuta wa hukuma ta bar shi haka ba.

Mun dawo gida kafin azumi. A cikin watan aka cire wayoyin, aka koya mana motsa gwiwar a hankali, masu gashin ƙashi suka gargaɗe mu kada kowa ya ja ta da ƙarfi. A watan Maris aka buɗe iyaka, maigida ya koma hanyarsa da ɗan abin da ya rage. Inna ta yanka kazarta ta yi wa maigidanta farfesu, ta aiko mini da cinya a rufe, ba ta taɓa tayar da maganar daren nan ba, ni ma haka. Maɗorin ya zo dubiya, aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa da mutunci. Ba na zaginsa, ba na yarda a zage shi a gabana. Mutane suna zuwa wurinsu ne don suna kusa, suna karɓar abin da ka samu, suna sanin sunan kakanka. Abin da nake so shi ne a zauna da su a nuna musu irin karayar da ba tasu ba ce, da alamomin da in sun gani za su ce a tafi asibiti.

Maganar komawa fili ta ɗauki lokaci. Ubansa ya ce shi da ƙwallo har abada. Na ga yaron yana zama a bakin zaure yana jin ihun abokansa, yana ramewa. Likita ya riga ya ce in ƙashin ya haɗe babu abin da zai hana. Wannan karon ban yi magana da kaina ba, na koma wurina, na bi ta wajen Inna. Ita ta kira ɗanta ta tuna masa cewa shi ma a dambe ya karye, ba ta ɗaure shi a ɗaki ba. Yanzu yaron yana wasa, gwiwar tana miƙewa sai ɗan kaɗan da ba mai lura sai ni.

Da na ba matan da muke haɗa kuɗin rigakafi labarin matar Gwiwa, wata dattijuwa cikinmu, ɗaya daga waɗanda suka ƙi kwalba da farko, ta kawo shawara. Kowace mace ta ware kaza ɗaya da 'ya'yanta, ba a sayar da su don biki ko anko ko suna, sai ranar da za a nufi asibiti. Mun kuma karɓi lambar direbobi biyu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Duk gidan da aka yi wa yaro ɗori, ɗayarmu tana leƙawa bayan isha ta taɓa yatsu, ta danna farce. Wadda ba ta da kaza ko ɗaya, mu muke ba ta sagara, in ta ƙyanƙyashe ta mayar da ɗiya a ba wata.